Koriyar fitila sai da shaida

Shagon da nake koyon aikin lantarki a Jidda, sana'arsa ta yau da kullum gyaran allunan sarrafa injuna ce. Sai bara wata makarantar koyon sana'a ta kawo mana kwangilar haɗa wuta da sigina a wani ƙaramin layin dogo na kan tebur, wanda za ta riƙa koyar da ɗalibanta da shi. Sikelin HO ne, wato an rage girman komai sau 87, tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 kacal. Maigidana, wani dattijon Bahaushe haifaffen Makka da duk muke kira Kawu, shi ya ɗora ni a kan aikin. A gida kuwa tsokana na sha, wai girma ya zo na koma wasan yara.

A tsohon tsari, in kana son jirgi ya ƙara gudu sai ka ƙara wuta a layi, in kana son ya yi baya ka juya ta, kuma duk jiragen da ke layi ɗaya umarni ɗaya suke bi. Tsarin DCC, wato aika wa kowane jirgi umarninsa ta cikin wutar layi, shi ne ya raba wannan gardama. Asalinsa daga kamfanin Lenz na Jamus yake, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, kuma ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990. Wuta tana kan layi ko da yaushe, kimanin bolt 14 zuwa 16 a HO, amma tana juya fuska sau dubbai cikin daƙiƙa guda, kuma tsawon juyin shi ne saƙon. Gajere, mai kashi 58 cikin miliyan na daƙiƙa, yana nufin 1, mai 100 ko fiye yana nufin 0. Kowane kan jirgi da dikodarsa mai lamba, wato 'yar na'urar da ke karanta saƙon. Duka suna jin saƙon, mai lambar ne kaɗai ke amsawa. Sababbi da lamba 3 suke fitowa daga kamfani, don haka ka sauya musu kafin ka ɗora biyu a layi, in ba haka ba tare za su tashi. Mitarmu ta gwajin wuta ma ba ta faɗin gaskiya a kan irin wannan wuta, domin ba don ita aka yi ta ba.

Jan waya bai ba ni wahala ba. Wayoyi biyu masu kauri suna bi ta ƙarƙashin tebur, ƙanana suna tasowa daga jikinsu zuwa kowane ƙarfen dogo, a liƙe da dalma, don 'yan maƙalan da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe ba abin dogaro ba ne. Kowane ƙwan LED na sigina da resistarsa, wato 'yar aba mai rage ƙarfin wuta: a bolt 12, mai om 1,000 ta ishi jan ƙwai. Kawu ba ya yarda a bar waya ko ɗaya babu takardar suna a wuyanta.

Inda aikin ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ta fi kowace sauƙi a baki: ta yaya sigina ke sanin akwai jirgi a gabanta? Ana yanka layin zango-zango, a raba ƙarfen da ɗan gibi, kowane zango a sa masa na'urar da ke jin an ja wuta. In kan jirgi ya shiga, dikodarsa ta ja wuta, sai siginar da ke bakin zangon ta yi ja, ta bayanta ta yi rawaya, wadda ke bayan wannan ta yi kore. Taragun da ba su da fitila ba sa jan komai, saboda haka ake maƙala musu resista mai om 10,000 tsakanin ƙafafu biyu, kada jirgi ya tsinke ya bar wutsiyarsa inda ba a ganinta.

Na gama, komai yana tafiya daidai. Kawu ya zo ya tsaya yana kallo, can ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya zare wayar wani zango da jirgi ke tsaye a ciki. Nan take siginar ta koma kore.

Ya ce, "Ɗana, wa ya shaida mata babu kowa a ciki?"

Na ce, "Kawu, ai ba ta ji an ja wuta ba ne."

Ya ce, "To rashin ji ne shaida?"

Haka aka saba haɗa shi a yawancin ƙananan layuka, kuma a nan ya sha bamban da jirgin gaske. Tsarin da William Robinson ya ƙirƙiro a Amurka a 1872 akasin haka yake aiki. Ana tura 'yar wuta ta cikin ƙarafan dogo daga wannan kai zuwa wancan, tana riƙe da rile, wato makunni mai aiki da maganaɗisu, a ɗage. Muddin rilen yana ɗage, hanya a buɗe take. Jirgi na shiga, ƙafafunsa na ƙarfe suna haɗe wutar, rile ya faɗi, fitila ta yi ja. Haka in waya ta tsinke, ko batir ya mutu, ko ƙarfen dogo ya karye: duk ja ne. Ana cewa shiru ma magana ce, to a wurin mutanen jirgin ƙasa abin da shiru ke faɗa shi ne "tsaya". Ko sigina ce ta mutu ɗungurum, direba tsayawa yake yi.

Maganin tsinkewar waya daga aikin ƙararrawar gobara Kawu ya ɗauko shi, wanda ya daɗe yana yi a otal-otal. A can ana sa resista a ƙarshen layin waya domin 'yar wuta ta riƙa gudana kullum. Muka yi haka a ƙarshen kowane zango, muka koya wa allon Arduino, 'yar kwamfutar da ke sarrafa siginonin, rarrabe hali uku: wuta kaɗan, zango babu kowa, wuta da yawa, akwai jirgi, babu wuta sam, akwai matsala, a ba da ja.

Ƙura kuwa wani babi ne. Wanda ya san Jidda ya san yadda ƙura da danshin teku ke haɗuwa su kwanta a kan ƙarfe. Ƙafar jirgi ta taka datti, jan wuta ya ɗauke na ɗan lokaci, sai na'ura ta ɗauka jirgin ya fita. Goge layi da sifirit yana ragewa, ba ya kawarwa. Sai muka sa sharaɗi a cikin manhajar: ba a sakin zango sai na gaba ya ce ya karɓi jirgin, sannan a jira daƙiƙa biyu ko uku. A ganina wannan ɗan sharaɗin ya fi duk kwalliyar da ke kan teburin daraja, ko da yake baƙi kwalliyar suke yabawa.

Wasu daga ɗaliban makarantar burinsu aiki a jirgin Haramain, wanda aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina, tafiyar kilomita kusan 450. Yana gudun kilomita 300 a awa, wato sama da mita 80 kowace daƙiƙa, gudun da ido ba zai iya dogara da fitilar gefen hanya ba. Shi ya sa izinin tafiya ke zuwa wa direba a allon gabansa ta rediyo, da tsarin siginar Turai mai suna ETCS mataki na 2, kuma jirgi ba ya wuce iyakar da aka ba shi izini. Don haka ranar miƙa aiki muka bar wa malamin ajin makunni shida a gefen tebur, kowanne yana tsinka waya ɗaya, domin ya riƙa jawo matsala da gangan ɗalibai su nemo inda take.