Ranar da na kwashi adashe

Asabar, bayan Isha.

Yau ni ke da kwasa. Mu goma ne a adashen malaman makarantarmu, zubin dubu 50 kowane wata, kuma uwar adashe ta turo min dubu 500 ɗina cif tun da hantsi. Ban gama shanya wanki ba sai ga sallamar ƙanena. Yadda labarin kuɗi yake riga mai shi isa gida, har yau abin yana ba ni mamaki.

Ko zama bai yi sosai ba ya miƙo min waya. Wata manhaja ce, wai kasuwancin kuɗin intanet suke yi, ka zuba dubu 100 a ba ka dubu 200 bayan kwana 30. Ga lambobi kore shar suna ta hawa a fuskar wayar, ga hotunan shaidar shigar kuɗi da ake turowa a zaurensu na WhatsApp, kowa na rubuta "Alhamdulillah, ta fashe". Ya ce, "Yaya, wallahi wannan ba irin waɗancan ba ce. Abokina ya cire sau biyu. Amma ranar Litinin za su rufe rajista."

Wannan "za su rufe" ɗin ita ce ta tsaya min a rai. Duk harkar da aka ce sai yau ko gobe, an tsara ta ne don kada ka samu daren da za ka kwana da ita, balle ka tambayi wani babba. Na tambaye shi me suke saya, me suke sayarwa, har ribar take ninka uwa a wata guda. Ya ce na'ura ce take yi musu cinikin. Na ce to mai irin wannan na'urar me zai yi da kuɗin malamar firamare?

Na tuna masa MMM, harkar zuba kuɗi ta intanet wadda ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, sannan ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara. Ya ce lokacin yana sakandare. To CBEX fa? Ita a watan Afrilun 2025 ta rushe, alkawarinta ma irin wannan ne na ninki cikin kwana 30, har mutane suka far wa ofishinta a Ibadan suka kwashe abin da suka samu. Waɗanda suka fara shiga su ma sun cire sau biyu, sau uku, domin da zubin na baya ake biyan na gaba. Ya yi shiru yana murza waya, amma na ga alama bai sauka ba.

Da ma na yi niyyar zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau wurin Kawu, sai na ce ya raka ni. Rana ta take, ƙura ta tashi, manyan motoci sun jeru ana loda riɗi da zoɓo, 'yan dako na gudu da buhu a ka suna "hanya, hanya". Mun tarar da Kawu a ƙofar sitonsa yana duba wake. Ya soka bututun ƙarfe a gefen buhu, ƙwayoyi suka zubo masa a tafin hannu, ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Ta yi ƙas. Ya gatsa ta wani buhun, sai ta lotsa a haƙori, ya girgiza kai ya ce wa dillalin wannan bai bushe ba, a mayar. Dillalin ya yi ta rantse-rantse cewa akwai mai jiran kayan yanzu-yanzu. Kawu ya ce, "Allah ya ba shi sa'a," ya koma kan tabarmarsa.

Na faɗa masa ina son sayen wake in ajiye. Kafin ya ce komai kan farashi, tambayarsa ta farko ita ce, "Kuɗin naki ne, ko akwai mai bin ki?" Na ce nawa ne, na gama zubi. Ya ce kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa fa? Na ce yana gefe. Sai a lokacin ya ce a kawo mana kujera.

Nan ya ba mu labarin abin da ya faru a kasuwar. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023. Masara ta yi ta hawa, har waɗanda ba su san bambancin tiya da mudu ba suka shigo harkar. Ma'aikata, 'yan kasuwar waya, masu sayar da atamfa, wasu suka sayar da fili, wasu suka ci bashi, suka cika sito da tsada suna jiran ta ƙara tashi. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, sabon amfani kuma ya shigo, a 2025 farashi ya yi ta sauka. Masu bin bashi suka matsa, aka riƙa sayarwa a faɗe. Wasu ba uwa ba riba.

Ƙanena ya ce, "To Kawu, ai su ma haƙurin suka yi, suka ajiye suka jira." Ni ma na so in ji amsar wannan. Kawu ya ce wanda ya saya don ya ga kowa na saya, da kuɗin da ba nasa ba, gaggawarsa ya riga ya yi ta tun ranar saye, zaman da ya yi daga baya zaman dole ne. Shi a kaka yake saye, lokacin da kaya suka yi yawa, ba ya zuba duk jarinsa a iri ɗaya, kuma idan bazara ta yi yana fitarwa kaɗan-kaɗan ko da ana cewa gobe za ta fi haka. Ya ce riƙe abinci har sai mutane sun galabaita ɓoye ne, malamai sun yi hani da shi, kuma a Fabrairun 2024 hukuma ta rufe wasu manyan sito-sito a nan kasuwar kan wannan zargin. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, jira yana da sharaɗi: sai kana da abin da za ka ci kafin lokacin ya yi.

Na sayi wake na rabin kuɗin. Aka juye shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, yaron Kawu ya matse iskar, ya ɗaure kowace leda daban da igiya, ya ce kada a buɗe sai ranar sayarwa, ƙwari za su mutu da kansu ba sai an sa magani ba. Sauran rabin ina tunanin sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari da ba a biyan kuɗin ruwa a kanta, idan aka sake buɗewa. Na farkon da aka fitar a 2017 na naira biliyan 100 ne, na shekara 7, aka yi ayyukan tituna da shi, aka riƙa biyan masu shi kuɗin haya duk wata shida. Shekara bakwai! Ƙanena ya yi dariya ya ce kafin nan ya yi furfura.

A adaidaita, kan hanyar dawowa, gaskiyar maganar ta fito. Lefe ne. An sa rana wata uku masu zuwa, akwati biyu kawai ya haɗa, ya ji ana cewa ƙawar yarinyar saiti biyu aka kai mata, har da mukullin mota a kit. Shi ya sa yake neman kuɗin da zai ninka kafin lokacin. Tausayinsa ya kama ni, domin yaron ba malalaci ba ne, ɗinki yake yi tun safe har dare, kuma keken da yake son sayarwa ya zuba a manhajar shi ne yake ci da shi.

Muka biya ta wurin Inna. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce mahaifin yarinyar mutumin kirki ne, shi da bakinsa ya ce a kawo abin da ya sawwaƙa, surutun na mata ne kawai. Ta ce ko dai a kai abin da ake da shi, ko a nemi a ɗaga ranar zuwa bayan babbar Sallah, lokacin da ya gama ɗinkin Sallah ya samu kuɗi a hannu. Fuskarsa ta nuna ba ya son ɗagin ko kaɗan. Ya ce zai yi tunani, Inna ta ce keken dai kada ya kuskura ya taɓa shi.

Maigida da na ba shi labari ya ce da masara na saya tunda ta yi araha, wake ƙwari ne da shi. Muka ɗan ja, ban ba shi gaskiya ba, shi ma bai ba ni ba. Ɗazu kuma Kawu ya kira, ya ce shi zai je wurin mahaifin yarinyar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in gaya wa Inna ta tanadi goro.