Sifilin da na ba wadda ba ta yi laifi ba

A ƙarshen wannan zangon zan ajiye aikin duba jingar ɗalibai, kuma abu ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata.

Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a Nuwamban 2022 hankalin malamai ya tashi. Sashenmu ya rungumi wata manhaja da aka ce tana gane rubutun ƙirƙirarriyar basira, shugaban sashe kuma ya kafa doka: duk jingar da ta nuna wa yatsa, sifili, ba dogon bayani. Na bi.

Akwai wata ɗaliba mai shiru-shiru da manhajar ta ce kusan duk aikinta na'ura ce ta rubuta. Ta same ni a ofis, idonta ya ciko, ta ce, "Wallahi Malam, ni na rubuta abina." Na juya mata fuskar kwamfuta kawai. Ko tambaya ɗaya ban yi mata a kan abin da ke cikin jingar ba, alhali minti goma sun isa in gane ko nata ne. Ta faɗi kwas ɗin. Sai bayan watanni wani abokin aiki ya buɗe tarihin gyare-gyaren fayil ɗinta, muka ga makonni ta yi tana rubutawa tana gogewa, har da tsakar dare.

Daga baya na fahimci cewa irin waɗannan manhajoji ba sa ganin wanda ya yi rubutu. Abin da suke aunawa shi ne yadda kalmomi ke bin juna ba tare da ba-zata ba. Wanda ya koyi Turanci a aji, yake lallaɓa jimlolinsa don gudun kuskure, shi ya fi faɗawa tarkon. Wani bincike na Jami'ar Stanford a 2023 ya nuna manhajojin sun ɗora wa na'ura fiye da rabin rubuce-rubucen TOEFL, jarrabawar Turanci ta waɗanda ba harshensu ba ne, da mutane suka yi da kansu. Shi kansa kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya janye tasa manhajar gane rubutun na'ura a Yulin 2023 saboda yawan kuskure, Jami'ar Vanderbilt a Amurka ma ta kashe wadda take amfani da ita a watan Agusta. Duk wannan yana nan a fili lokacin da na sa hannu.

Na koma wurin shugaban sashe da hujja. Ya ce an riga an rufe sakamako, in aka buɗe wa ɗaya sai kowa ya zo. Har yau ban yafe wannan amsar ba.

Tun daga nan nake zaunar da ɗalibi ya kare aikinsa da baki, in nemi daftarin farko, in bi littattafan da ya ambata ɗaya bayan ɗaya, domin na'ura takan ƙirƙiro waɗanda babu su. Na kama masu laifi da dama ta haka, kuma babu wanda ya fita yana rantsuwa.

Ita kuwa ta maimaita kwas ɗin ta ci. Takan gaishe ni in mun haɗu, amma ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba.