Hadarin damina da kumfar sama: aikin da na yi da na'urar GPS a Maraɗi

Na'urar ba ta fi akwatin rediyo girma ba. Eriyarta muka ɗaure bisa rufin bene a nan Maraɗi, nesa da tankin ruwa da kwanon maƙwabta, don ƙarfe yana maido da sigina ya gurɓata awo. Aikina shi ne in riƙa tattara abin da take rubutawa duk daƙiƙa 30, in duba ko dararen da sama ta birkice suna da alaƙa da hadarin damina.

Na'urar tana karɓar sigina iri biyu daga taurarin ɗan'adam na GPS, ɗaya a zangon rediyo na megahaz 1575.42, ɗaya a na megahaz 1227.60. Kafin su iso gare mu sai sun ratsa iyonosfiya, wato sashen nan na sama da hasken rana ke ɓalle wa iskarsa ilektiron, wanda ya fi kauri tsakanin kilomita 250 da 400. Ilektiron ɗin suna jinkirta siginonin biyu, amma ba daidai ba, kuma daga wannan bambanci ake lissafa yawansu a kan hanya. Da rana layin lissafin yakan tafi sumul. Bayan isha'i ne ake ganin ikon Allah: layin ya faɗi kwatsam, ya yi ta tsalle kamar rabin sa'a, sannan ya koma daidai. Wani lokaci na'urar ta saki tauraron gaba ɗaya. Kumfa ce ta gifta, wato wani dogon rami da ilektiron suka yi ƙaranci a cikinsa, wanda ya miƙe kudu da arewa bisa layin maganaɗisun duniya, yana tafiya gabas da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa.

Mu kuwa muna wurin da ya dace da wannan kallo, domin layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda kumfar ke tasowa, ya ratsa ta arewacin Najeriya, ba nisa da mu. Idan rana ta faɗi, ƙasan iyonosfiya yana saurin rasa ilektiron, samansa kuwa yana nan da kauri, ga kuma wata wutar lantarki ta magariba da ke ɗaga sashen duka sama. Sai a samu mai nauyi zaune bisa marar nauyi, kamar a ce ruwa ne bisa man gyaɗa: muddin ba a taɓa kwanon ba zai ɗan tsaya, da ya girgiza sai man ya ɓullo sama. Tun 1938 masana biyu, Booker da Wells, suka ga alamar wannan rikici a Huwankayo ta ƙasar Peru, a 1976 kuma Woodman da La Hoz suka nuna hotunan kumfar tana hawa da na'urar radar ta Jikamarka, ita ma a Peru. Abin da ya rage ana muhawara a kai shi ne mai fara girgizar.

Nan hadari ya shigo. Idan gajimare ya tashi da ƙarfi yana tunkuɗa iskar da ke bisansa, nauyi ya maido ta ƙasa, ta zarce, ta sake hawa. Wannan kai da komo shi ke bazuwa ya zama igiya. Tana hawa iska na ƙara sirancewa, ita kuma tana ƙara girma. Da yawa suna fashewa wajen kilomita 80 zuwa 100, amma masu dogon zango da sauri sukan kai ƙasan iyonosfiya su lanƙwasa shi.

Mai gadin ginin, wani dattijo, ya kan zauna kusa da ni yana jan carbi. Wata rana da hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas ya ce, "Ɗana, yau kam injinka zai yi ciwon kai." Na ce, "Baba, sai mun gani." Aka yi ruwa har kwalbatoci suka cika, layin kuwa bai ko motsa ba. Wani dare kuma da taurari suka fito tar, ko gajimare babu, aka sha tsalle har tsakar dare. Sai da na jera hotunan da Meteosat, tauraron ɗan'adam mai duba yanayi, ya ɗauka da yammacin ranar, na ga wani ƙaton hadari can nesa, ɗaruruwan kilomita daga gare mu. Igiyar a karkace take hawa, saboda haka hadarin da ke kanka ba lallai shi ne naka ba. Daga nan na daina leƙen taga, na koma neman gajimare masu tsananin sanyin kai, wato waɗanda suka hau sama sosai, a faɗin yankin, daga duwatsun Ayar har tudun Jos, inda hadarin Sahel kan taso da la'asar ya nufi yamma.

Malamina ya ƙara mini da wani abu da na ga gaskiyarsa a cikin bayanan. Ya ce igiya ita kaɗai ba ta isa ba, sai sashen ya ɗagu sosai da magariba. Shi ya sa watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, suka fi yawan kumfa a wurina, alhali Maris rani ne tsantsa a Maraɗi. A lokacin rana kan faɗi kusan tare a ƙarshen layin maganaɗisu biyu, na kudu da na arewa, wutar magariba ta yi ƙarfi, ƴar ƙaramar girgiza ma ta wadatar. Shekarar 2024 kuma rana na kan ganiyar zagayen ƙarfinta na shekara 11, abin ya ƙara tsananta.

A ganina, duk wanda ya ce da na'urar GPS ɗaya zai tabbatar cewa hadari kaza ne ya haifi kumfa kaza, ya cika baki. Kumfar da ta gifta kanmu da ƙarfe tara mai yiwuwa can yamma aka haife ta, sa'a guda ko biyu kafin nan. Ana buƙatar na'urori a jere, misali Yamai, Maraɗi da Damagaram, da kyamarar da ke ɗaukar jan hasken sama na nanomita 630, inda kumfa ke fitowa baƙaƙen zane. Kafin a samu haka, na cire duk tauraron da bai kai digiri 30 bisa sararin ƙasa ba, na kuma rubuta komai da agogon duniya, wanda namu ya fi da sa'a ɗaya. Masu awon filaye da GPS da suka tambaye ni yadda za su kauce wa kumfar kuwa, na ce musu su gama aikinsu kafin magariba.