Feshin da na yi dab da magariba

Har yau in na bi ta gefen gonar tumatir ɗin nan sai raina ya sosu. Alkama na shuka a Kadawa, tana da kamar sati 4 ciyawa mai faɗin ganye ta taso mata, na sayo maganin kashe ciyawa mai suna 2,4-D. Da rana iskar hunturu ba ta barin feshi, sai na ce bari in jira ta kwanta. Dab da magariba ta yi luf, ko ganye ba ya motsi. Na goya injin feshi ina jin na yi dabara.

Bayan kwana 3 maƙwabcina na gangare mai gonar tumatir ɗin, dattijo sa'an mahaifina, ya aiko a kira ni. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Ya tsinko reshe ya miƙo min, ya ce, "Ɗana, duba min wannan." Ganyen ya kanannaɗe, tohon ya murɗe kamar igiya. Na ce, "Wallahi Baba, ranar babu iska ko kaɗan." Ya ce ya sani.

Ashe rashin iskar ne ya cuce ni. Malamin gona ya warware min: da rana ƙasa tana ɗaukar zafi, iska ta yi ta tashi sama tana cakuɗuwa, ta tarwatsa duk abin da ke cikinta. Rana na yin ƙasa, in sama garau take babu gajimare, sai ƙasa ta huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta kamar murfin tukunya. Ƙananan ɗigon maganin ba su tashi ba, ba su kuma sauka ba, sai suka rataye suka bi gangare a hankali. Tumatir kuwa ko kaɗan ba ya jure 2,4-D.

Abin haushin, na ga alamar da idona! Hayaƙin wutar masu gadi ya shimfiɗe a kan gonaki kamar tabarma, har na tsaya ina sha'awarsa.

Buhu 2 na taki na biya, ban da kunya. Yanzu sai hantsi nake feshi, in iska ta fara kaɗa ganye kaɗan-kaɗan, ba ta nufi gonar kowa ba. Kafin in haɗa magani sai na kunna ɗan tsumma. In hayaƙin ya kwanta, na mayar da injin gida.