Injin ɓare gyaɗa na da maganar fatent

Ni mai walda ne, shagona yana Sabon Garin Zariya, kusan shekara ashirin kenan ina cikin sana'ar nan tun ina yaron shago ina riƙe wa maigidana ƙarfe yana ɗinkewa har Allah ya sa na tsaya da ƙafata. Da ƙofa da taga na fara kamar kowa, daga baya na karkata wajen ƙera injina, injin casar masara, injin markaɗe, injin ɓare gyaɗa, su ne abincinmu yanzu ni da yara shida da ke ƙarƙashina. Da kaka kasuwarmu take buɗewa, daga watan goma zuwa sabuwar shekara babu hutu, mutanen Giwa da Soba da Maƙarfi da Ikara duk suna zuwa, wani ya kawo gyara wani ya ba da sabon aiki, in NEPA ta ɗauke mu tada janareta mu ci gaba har dare.

Wani dattijo ne daga wajen Giwa ya jawo duk maganar da zan faɗa. Irin gyaɗa yake nomawa yana sayar wa manoma, irin SAMNUT ɗin nan da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar. Ya sayi inji a wajena, bayan sati biyu ya dawo da tsabar gyaɗa a ƙulle cikin leda ya zazzage min a kan benci. Yace ɗana duba nan, kusan duk wadda ka ɗauka ta tsage biyu, ni kuma iri nake sayarwa, iri in ya tsage ba ya tsirowa. Nace Baba ka yi haƙuri ka bar min injin. Gaskiya ya faɗa, mai ƙuli-ƙuli da mai tatsar mai ba ruwansu da tsagewa tunda niƙawa za su yi, amma mai iri asara ce tsantsa a wajensa.

Matsalar tana tsakanin gangar da ke juyawa a cikin injin da rariyar da take goga gyaɗa a kai. Yadda muka saba yi tazarar da ke tsakaninsu a kafe take, mun walde ta shikenan, alhali gyaɗa kala-kala ce, wata ƙwanso babba wata ƙarami, wata ta bushe ƙarau wata da sauran danshi. Na kwashe wajen wata uku ina fama, in yanka in walde in sake yankewa, na ɓata farantin ƙarfe ba adadi, boris biyu suka mutu a gwaji. A ƙarshe na samo yadda zan rataye rariyar a kan wani hannu da za ka murɗa ka ƙara tazara ko ka rage inji yana kan aiki ba sai ka kashe ka kwance noti ba. Sai dai rariyar tana rawa in gyaɗa ta yi yawa a ciki, nan ne babban yarona yace Oga me zai hana mu sa sifirin na tsohon babur a ƙasa ya riƙa danne ta. Muka je wajen 'yan gwangwan muka samo muka sa. Ranar da muka gwada da buhun dattijon, na tsoma hannu cikin tsabar da ke zubowa na damƙo na buɗe, jar fatar nan tana jikinta lafiya lau, sai ɗaiɗaiku ne suka tsage. Wallahi daɗin da na ji ranar ban san yadda zan kwatanta shi ba.

Daɗin nan ne ya sa na ɗauko waya na yi bidiyo. Na buɗe murfi na haska ciki, na nuna hannun, na nuna inda sifirin yake zaune, na yi bayani dalla-dalla na saka a Facebook da WhatsApp, mutane suka yi ta turawa ana Allah ya ƙara basira. Oda ta shigo kam ba laifi. Kaka ta zagayo sai wani kwastoma ya miƙo min wayarsa yace ga injinka can a wani gari ana sayarwa ƙasa da kuɗinka. Na duba, hannuna ne, sifirin ɗina ne, har gefen da na sa shi ba su canza ba, fenti kawai ya bambanta. Kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba.

Wani amini na ya haɗa ni da wani lauya da ya san harkar, na je ofishinsa da hotuna a waya ina huci nace Barista so nake a kamo su. Ya bar ni na gama sannan yace Malam kana da fatent? Nace ina da rajistar CAC ta shago. Yace wannan sunan kasuwancinka kawai ta kare, ba ta san da inji ba. Fatent takarda ce da gwamnatin tarayya take ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, da ita yake da ikon hana kowa ƙera abin ko shigo da shi daga waje ko sayarwa ko amfani da shi ba da izininsa ba, tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardun nema. Dokar tun 1970 take, kuma ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari. Nace to a yi min yanzu ko nawa ne. Ya girgiza kai yace yaushe ka saka bidiyon nan?

Nan ne jikina ya yi sanyi. Ashe sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, kuma sabo a wajen doka yana nufin bai taɓa fita ga jama'a ba a ko'ina a duniya kafin ranar da ka shigar da takarda, ko a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi. Har kai mai abin in ka nuna da kanka ka kashe sabuntarsa. Rangwamen da dokar ta yi ɗan kaɗan ne, wanda ya baje abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi yana da wata shida ya shigar da takarda, Facebook kuwa ba ya ciki. Sauran sharuɗɗan biyu, dole a ga basira a ciki, wato kada ya zama abin da duk wani ƙwararren mai sana'ar zai hango da kansa ba wahala, sannan ya zama abin da za a iya ƙerawa a yi aiki da shi. Waɗannan ina ganin da na tsallake su. Na farkon ne na rusa da hannuna, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne a sana'armu haka aka koya mana, ka yi abu ka fito da shi bakin titi a gani, gani shi ne talla. Babu wanda ya taɓa ce min akwai abin da ake fara kai wa Abuja kafin a kai bakin titi.

Ya ƙara min da wani abu da ya tada min hankali. A dokar Najeriya wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai haƙƙi ko da ba shi ya ƙirƙiro ba, kuma ofishin rajista ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, takardu kawai suke dubawa in sun cika su ba ka, ingancinta kuma yana wuyanka. Nace kenan wanda ya kwafe ni zai iya zuwa ya karɓo takarda ya dawo ya hana ni? Yace zai iya karɓowa amma ba za ta tsaya ba, bidiyonka da ya cuce ka shi zai cece ka a nan tunda ya nuna abin ya riga ya fita, Babbar Kotun Tarayya za ta iya soke ta, ita ce mai hurumin irin wannan shari'a. Sannan dokar ta ce in mutum ya ɗauki ainihin ƙirƙirar wani ba da yardarsa ba ya je ya nema, haƙƙin yana komawa ga mai abin, kuma wanda ya riga yana ƙera abu da zuciya ɗaya a masana'antarsa kafin ranar da wani ya shigar da takarda ba a hana shi ci gaba. Sai dai duk wannan sai da hujja, kuma sai da kuɗin shari'a wanda mai shago irina ya san nauyinsa.

Maganar da na fi daɗewa ina juyawa a raina ita ce ta yarona. Na tambayi Barista, sifirin ɗin nan fa ba ni na kawo shi ba. Yace abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a cikin aikin da aka ɗauke shi haƙƙin na maigida ne, haka abin da aka yi a kan kwangilar wani takamaiman aiki na wanda ya ba da aikin ne. Amma ainihin wanda ya ƙirƙiro dole a rubuta sunansa a takardar, kuma in aikinsa bai ƙunshi ƙirƙira ba ya yi amfani da kayan shago ya fito da abu, ko abin ya zama mai muhimmanci ƙwarai, yana da haƙƙin a ba shi lada daidai gwargwado. Wanda ya riƙe ƙarfe kawai ko ya yi walda yadda aka ce masa ba ya cikin lissafi. To ka ga mu a nan yaron shago ba takarda tsakaninmu, ubansa ne ya kawo shi yace ga amana, kuɗin abinci da na sabulu muke ba shi sai ranar yaye a haɗa masa kayan aiki. Ni a ganina masu gida da yawa muna cin haƙƙin yaran nan ba tare da mun lura ba, yaro ya kawo dabara a ce ai a shagona ya koya. Eh a shagonka ya koya, amma kan nasa ne. Tun daga ranar duk injin da muka sayar mai wannan hannun ina ware masa wani abu, na kuma faɗa a gaban sauran yaran cewa sifirin dabararsa ce.

Ɓangaren kwangila ma ya buɗe min ido, don sau nawa wani Alhaji zai zo yace ƙera min injin da zai yi kaza ga kuɗi, ka ƙone ido ka fito da sabon abu ashe a doka nasa ne. Yanzu kafin in kunna wuta muna rubutawa a takarda wa ke da ƙirar, mu sa hannu da shaidu.

Akwai abokan sana'a da suke cewa duk wannan bokon banza ne, ilimi na Allah ne, kuma mu ɗin ma ai kwafa muka yi. Ban musa ba, injin markaɗen da nake ƙerawa ba kakana ya zana shi ba, na waje muka kwance muka gani muka yi namu. Amma ita dokar ma ba ta ce ka rufe ilimi har abada ba, ciniki ne. Kai za ka rubuta bayanin abinka a fili da zane yadda duk mai sana'a zai karanta ya iya haɗawa, ita kuma gwamnati ta ba ka shekara 20 ka ci guminka, bayan nan ya zama na kowa. In ka daina biyan kuɗin shekara-shekara da ake biya a kan fatent ɗin ma takardar faɗuwa take yi bayan wata shida na rangwame, in kuma ka karɓa ka ajiye ba ka ƙerawa, bayan shekara huɗu da nema ko uku da bayarwa wani zai iya zuwa kotu ya nemi a ba shi lasisi ko ba ka so. Ni wannan tsarin bai saɓa wa hankalina ba. Wata uku na faranti da boris da man janareta ni na biya, wanda ya kalli bidiyo na minti huɗu bai biya komai ba shi ya sa ya iya karya farashi.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu 'yan Arewa, takardar Abuja iyakarta Najeriya. Injinanmu suna tsallakawa Maraɗi da Damagaram, Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI mai yi wa wasu ƙasashen Afirka rajistar fatent, mai hedikwata a Yawunde, tare da Kamaru da Chadi da Benin, rajistarsu daban. In kana son kariya a can kana da wata 12 daga ranar da ka shigar a nan ka je ka nema a lissafa maka da ranar farko. Siffar abu ta waje kuma rajistarta daban, shekara biyar ce ana sabuntawa sau biyu, tambarin shago shi ma daban. Irin shuka kamar gyaɗar dattijon nan ba a ba shi fatent, dokarsa daban ce ta 2021.

Barista ne ya faɗa min akwai hukumar NOTAP a Abuja da take taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen tsara takardu da shigar da su, kuma tana da ofisoshi a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Abin da yake damuna shi ne labarin nan yana tsayawa a wajen malaman jami'a, mu da ke Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila muna ƙona ido kullum ba mu taɓa ji ba, ga Samaru nan kusa da mu kuɗin mota kaɗan. Na kai maganar taron ƙungiyarmu ta masu walda nace a nemo wanda zai zo ya yi mana bayani da Hausa, wasu sun ɗauka wasu sun ce sai bayan kaka.

Yanzu akwai wani aiki da muke yi a kan fankar da ke hure ɓawo, wata biyar kenan. Yana ɗakin baya a rufe da tamfol, mu biyu kaɗai muke shiga ni da babban yaron, kuma duk wanda zai shiga wayarsa tana kan benci a waje. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk abin da muka gwada ina zanawa in sa kwanan wata mu sa hannu mu biyu. Dattijon Giwa ya zo shekaranjiya ya ga tamfol yace ɗana me kake ɓoyewa, nace Baba ka ba ni zuwa bayan sallah, akwai takardar da nake so ta riga isa Abuja.