Yadda Kachalla Ta Raba Mu da Warin Kwatami

Mu 11 ne a gidanmu, kuma ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke duk ta rariya ɗaya yake fita, ya taru a kwatamin bayan katanga. Da rani wari, da damina kuma ya tumbatsa ya malale lungu. Ranar da maƙwabcinmu, dattijo mai kawaici, ya tare ni bayan sallar Asuba ya ce, "Ɗana, a lungun nan fa jikokina ke wasa," kasa ɗaga kai na yi.

Ni mutumin Haɗeja ne, kuma a wurinmu kachalla, wata doguwar ciyawa mai fitowa a cikin ruwa, annoba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Nguru, ta takura masunta, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa. Amma duk wanda ya saba shiga fadama ya san ruwan da ya ratsa ta cikin kachalla garau yake fitowa. Wannan ne ya ba ni ƙarfin gwiwar gwada tace ruwan rariyar gidanmu da ita.

Mun haƙa rami mai tsawon mita 5, faɗin mita 2, zurfin santimita 60. Muka shimfiɗa leda mai kauri don kada ruwan ya tsiyaya ƙasa, muka jera manyan duwatsu a mashiga da mafita, tsakiya kuma muka cika da tsakuwa wankakkiya. Na saro saiwar kachalla na dasa, na haɗa da jema a gefe, saboda ita saiwarta ƙasa take nutsawa.

Sai na yi babban kuskure: na haɗa bututun kicin kai tsaye da ramin. Wata uku ba su cika ba maiƙon miya da manja da guntun tuwo suka liƙe tsakuwar mashiga. Ruwa ya taso sama ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙwai, warin da na gudu ya dawo, wannan karon a cikin gida. Da hannuna na kwashe tsakuwar, baƙa ƙirin, mai santsi, na wanke ta kwando-kwando har kwana biyu.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Duron roba mai cin lita 200 na girka kafin ramin. Ruwa na zuba ta sama, bututun fita kuma bakinsa na nutse a tsakiyar duron. Maiƙo ya taso, laka ta kwanta, ruwan tsakiya kaɗai ke wucewa. Duk Asabar nake yaye maiƙon na binne. Uwargida ta ƙara da nata, ta ce, "Maigida, ai sauran abinci na kaji ne, me zai kai shi rariya?" Tun daga nan ake kankare tukwane kafin a sa musu ruwa. A ganina duron nan ya fi ciyawar muhimmanci. Na kuma gyara bututun mafita yadda ruwa zai tsaya yatsa huɗu ƙasa da saman tsakuwa. Sauro ba ya ganin ruwan, balle ya yi ƙwai.

Daga baya na gane yadda abin ke aiki. In ka yanka ganyen kachalla za ka ga cikinsa huji-huji kamar soso. Ta nan iska ke gangarawa har saiwa, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su zauna a jikin saiwar da tsakuwar suna cinye dattin. Ruwan na buƙatar kwana biyu zuwa uku yana ratsawa a hankali. Bilic na kashe ƙwayoyin nan, shi ya sa ranar da aka zuba ruwan bilic mai yawa, sai da ramin ya yi makonni kafin ya dawo daidai.

Ruwan da ke fitowa ba wari, amma ba na sha ba ne, ba kuma na alwala ba. Ba na zuba shi a latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Ruwan masai da na wankin kashin yara ba sa shiga ramin sam, kuma na nisanta shi da rijiyarmu taku 40.

Abin da ba na wasa da shi shi ne yanka. Kachalla na fitar da kai mai launin ruwan ƙasa, mai kama da zangarniyar gero, in ya fashe iska ta kwashi irin kamar auduga. Na ga abin da ta yi wa fadamarmu, ba zan yarda gidana ya zama mafarin wata ɓarnar ba, don haka da ta fara kai nake sa lauje. Ganyen na shanya, na rufe gindin ayaba da zogalen da ke shan ruwan. Nonon ayaba na farko da ya nuna, gidan dattijon nan na aika da shi, tsohon kwatamin kuma mun cike shi da ƙasa.