Hasumiyar da na bayar a banza

Abu na farko da aka koya mana a ƙungiyar wasan ces ta makarantarmu shi ne farashin kaya: soja maki 1, doki da giwa 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9. Na haddace shi kamar karatun allo. Saboda haka duk wanda na ga ya ba da hasumiya ya karɓi doki, sai in ce ya yi asarar maki biyu, ya sayar da akuya ya sayi kaza.

Wasan Tigran Petrosian da Samuel Reshevsky na Amurka a gasar Zurik ta 1953 ne ya fara girgiza min wannan lissafi. Petrosian, ɗan Armeniya da ya riƙe kambun duniya daga 1963 zuwa 1969, ya ajiye hasumiyarsa a gidan e6 (kowane gida a allon ces yana da suna na harafi da lamba), inda giwar abokin karawarsa za ta cinye ta, don kawai dokinsa ya samu wurin zama a d5 ya tare sojojin tsakiya. Kunnen doki suka tashi. A makon ne kuma na koyi wata ƙa'ida: sojoji biyu maƙwabtan juna, waɗanda babu sojan abokin gaba da zai tare su, in sun kai layi na shida, hasumiya ita kaɗai ba ta iya tsayar da su.

To, ɗan sani ya fi jahilci haɗari. Ba a yi wata ba sai ga damar gwadawa a Lichess, shafin buga ces a intanet. Ina da fararen kaya: sojoji a c6 da d6, hasumiya a a7. Shi kuma sarkinsa na g8, hasumiya f8, doki f7 yana gadin d8. Zuciyata ta ce ga ranar Petrosian ta zo. Na cinye dokin da hasumiya, ina lissafin zai rama da tasa hasumiyar, in tura d7, ya koma f8, in tura c7, shi ke nan soja ya kai layin ƙarshe ya zama sarauniya.

Da sarki ya rama.

Taku ɗaya ne tak, daga g8 zuwa f7, amma ya isa. Na tura d7, sarki ya zo e7. Na tura c7, ya cinye na d7, ɗayan kuma hasumiya na jiransa a layin ƙarshe. Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba. Ni ne na haddace rabinta na bar sharaɗin da ke biye da ita, wato in sarkin abokin karawa yana nesa. Kuma da hannuna na jawo shi kusa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne da na duba wasan da Stockfish, manhajar nazarin ces, sai na ga babu ma buƙatar sadaukarwar. Da d7 kawai na tura, dokin ya tare a d8, c7 ta biyo baya, ba su da ta cewa. Kwaɗayin wasa mai ƙayatarwa ne ya kai ni.

Yanzu kafin in saki hasumiya a ƙarshen wasa, nakan ajiye maki gefe in ƙirga taku: nawa ya rage wa sojojina, nawa sarkinsa ke buƙata, kuma da wane kaya zai iya ramawa, ba wanda nake so ya rama da shi ba. Yakan ci min kamar minti biyu a agogo. A wasan minti uku kuwa, har yau hannuna yakan riga kaina.